Gwaggo da Raƙumin da Ya Rabu Biyu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu yin gaba. Ta cika da hantsi, a kan gadonta na igiya, a cikin gidanta na unguwar Alhilla Kuku, daidai yadda ta daɗe tana cewa za a yi. Yayar mahaifina ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma duk wanda ya tashi a layinmu Gwaggo yake ce mata, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba.

Na ɗauka zaman makokin ba zai tara mutane ba. Yaƙi ya watsa unguwa, gidaje da yawa a layin ko ƙyaure babu, sa'o'inta kuma kusan duk sun riga ta. Sai ga shi kafin la'asar an rasa tabarmar shimfiɗawa. Magidanta masu furfura da tumbi, mata masu jikoki, wasu daga unguwar Alsawra, wasu sun rufe shago a Kasuwar Libiya sun tsallako gada. Kowa ya shigo sai ya ɗaga hannu ya yi fatiha, ya yi mana ta'aziyya da Larabcin nan, "Albaraka fikum," sannan ka ga idonsa ya tafi kan wata taga ta ɗakin Gwaggo mai kallon tsakar gida. Babu komai a tagar yanzu. Wata mata da ban gane ta ba sai da ta yi magana, ta tsaya a gaban tagar tana kuka kamar a nan aka kwantar da gawar.

Ana cikin haka wasu mutum biyu suka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Ɗaya direban motar haya ne, ɗayan yana sayar da firji a kasuwa, rabonsu da juna tun kafin yaƙi. Suka rungume juna, suka yi kukansu, suka share hawaye. Daga nan direban ya ce, "Amma wallahi kai ne ka zauna."

"Ni? Kai ne ka fizgi igiyar, ya zol! Ina cikin buhu, me na gani?"

"Ka zauna."

"Ka fizga."

Wani dattijo ya daka musu tsawa, wai nan gidan mutuwa ne ba tashar mota ba. Baba yana jingine da bango, tsufa ya cinye shi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale su. Maganar raƙumi suke." Tsakar gida ta ɗauki dariya, irin wadda ke fitowa tare da majina. Baƙin da ba 'yan layin ba suka yi ta kallonmu kamar mun zare. Saboda su, da kuma jikokina da suka dame ni da tambayar wane raƙumi, na zauna rubuta wannan.

Sai na fara da Kakanmu. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji. Guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira, ya tsaya tsinkar auduga don ya ƙara, ya yi aure, aka haifi Gwaggo, aka haifi na bayanta, har zuwa kan Baba wanda shi ne auta. Kaka ya rasu bai ga teku ba, amma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. "Muna kan hanya," haka yake cewa, haka kuma mutanenmu da yawa suke cewa. Ba magana ce ta fatar baki ba. Ba a gini da jan bulo. Ba a sayen abin da jaki ba zai ɗauka ba. Ba a dasa itacen da sai jika zai ci 'ya'yansa. Idan rufin ɗakinmu ya yi yoyo Inna ta yi magana, sai Baba ya ce a tara kwano, "Idan mun tashi wa za mu bar wa?" A Jazira aka haife shi, a Kuku ya yi gemu yana koyar da karatu a zaure, Larabci a bakinsa kamar ruwa, amma kullum gobe za mu tashi.

Gwaggo ce kaɗai ta tashi da gaske. Da mijinta ya rasu ta fita takaba, sai ta sayar da awakinta ta bi jirgin ruwa zuwa Makka. An yi mata rakiya da kuka da neman yafiya, domin kowa ya ɗauka ta tafi ke nan, can za ta ƙare kwanakinta kamar yadda kowa ke fata wa kansa. Bayan 'yan watanni sai ga ta da haƙorin Makka. Ta sauke jaka a tsakar gida ta ce, "Alhamdulillahi, na dawo gida." Inna ta ce tsofaffin da ke wurin sai da suka dubi juna. Gida? Wannan ɗakin lakar da rumfar kara?

Ba a gama wannan tsegumi ba ta je Kasuwar Libiya ta sayo talabijin. Ba irin na yanzu da ake ratayewa a bango kamar hoto ba. Akwati ne na katako mai ƙafafu da ƙyaure, sai da ƙarti suka kama aka sauke shi daga amalanken jaki. Baba ya zo ya zagaya shi, ya gwada ɗaga gefe ɗaya, ya ce, "Yaya, wannan ai ba ya ɗaukuwa."

"Shi ya sa na saye shi, Auta."

Haka take kiransa, ko a gaban ɗalibansa masu gemu.

Ita ba labarai suka dame ta ba, ba kuma wasannin manya ba. Abu ɗaya take buɗe akwatin saboda shi: shirin yara na ranar Juma'a da la'asar, wanda ake yi a gidan talabijin na Omdurman, ƙetaren kogi. Wanda bai ga wannan shirin ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Yara ne ke yin komai. Su ke buɗewa da kiɗan gwangwani da usur, su ke gabatarwa, su ke zana bangon da suke tsayawa a gabansa, kuma daga farko har ƙarshe ba za ka ga fuskar babba ba. Akwai wata yarinya mai ƙaton tabarau da kitso biyu, ita ce shugaba, kuma babu yarinya a layinmu da ba ta taɓa lanƙwasa waya ta yi tabarau saboda ita ba. Akwai wani yaro mai giɓi da ke karanta labaran unguwanni fuska a murtuke: akuyar wa ta cinye rigar makaranta, ƙwallon wa ta faɗa tukunyar wa. Wata Juma'a hoton rana na kwali da suka manna a bango ya faɗo masa a ka. Ya ɗauke shi ya ajiye a kan tebur, ya ce yau magariba ta yi da wuri, ya ci gaba da karatunsa. Muka yi mako muna maimaita wannan a hanyar ɗibar ruwa.

Jikokina yanzu suna ƙura wa waya ido, suna kallon wasu dabbobi masu ihu da ba a san ƙasarsu ba. Mu kuwa sa'o'inmu muke gani, da silifas irin namu da gwiwoyi masu tabo irin namu, suna kuskure a gabanmu suna gyarawa. Na yi cigiyar kaset-kaset ɗin shirin, ban sami wanda ya san inda suke ba. Abin da ya rage yana cikin kawunanmu, kawunan kuma duk sun yi furfura.

Gwaggo takan juya akwatin ya fuskanci taga, mu zauna a tsakar gida. Dokokinta ba su da yawa amma ba a ɗaga su. A wanke ƙafa a bakin randa. Ƙanana a gaba. Ba ta tambayar yaro ɗan wane gida ne ko wane yare ake yi a gidansu. Manya in sun ga dama su zo, amma a baya za su zauna, kuma ban da magana. Na ga ranar da ta kori wani attajirin layinmu saboda ya ce yaron labarai bai iya karatu ba. "Kai da ka iya, an kira ka? Yalla, waje." Bakinta ba shi da linzami, wannan ba zan ɓoye ba don ta mutu. Ba ta san ba da haƙuri ba, in ta ɓata maka rai sai dai ka ga kwanon soyayyar gyaɗa ya zo gidanku. Ita da Inna sun daɗe ba sa ga-maciji a kan wata rariya da kowace ta rantse tata ce. Shayinta kuwa, sukari ne aka ɗiga wa ruwa.

Wata Juma'a mai tabarau ta sanar cewa kowace unguwa tana iya kawo wasanta, in dai yara ne suka ƙirƙira da kansu. Kafin a rufe akwatin mun riga mun fara faɗa a kan wa zai yi me. Rumfar Gwaggo ta zama wurin gwaji. Ta ba mu buhuna da kwali da audugar tsohuwar katifa, amma ko da wasa ba ta sa mana baki. In muka kawo mata ƙara sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce, "Na ji an ce na yara. Ni yarinya ce?"

Me yaro zai yi wasa a kai in ba abin da yake gani kullum ba? Wasanmu na wani tsoho ne da raƙuminsa. Kowace safiya tsoho ya ɗaure ƙunshinsa ya ce yau za a tashi zuwa Makka. Sai matarsa ta ce kuɓewa ta yi fure, a bari a tsinka. Ya kwance. Gobe ya ɗaure, ta ce akuya ta kusa haihuwa. Ya kwance. Jibi sunan jika, gata bikin maƙwabta. Raƙumi yana ta ƙiba, muna ta cusa masa tsumma a ciki, har aka koma shanya wanki a bayansa. Raƙumin yara biyu ne a cikin buhunan da muka ɗinke, ɗaure da igiya a ƙugu: na gaba shi ne direban nan, na baya shi ne mai firji. Tsohon kuwa ni ce, da gemun auduga, saboda duk cikin mazan babu wanda ya iya tarin tsofaffi kamar ni. Ni ban san muna wani babban abu ba. Na dai san in na ce "Idan mun tashi" da muryar Baba, kowa sai ya faɗi ƙasa.

Labari ya isa zaure. Baba ya shigo gidan Gwaggo ana tsakiyar gwaji, ya tarar da ni da gemu. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. "Uwata, cire wannan abin. Wuce gida."

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba inda za ta. 'Yar ƙanena 'yata ce, kuma a gidana take."

"Yaya, mahaifinmu fa suke kwaikwaya."

"Kai suke kwaikwaya. Mahaifinmu ba su san shi ba."

Ta ce ya zauna ya kalla daga farko, in ya sami ƙarya ɗaya a ciki, ita da hannunta za ta ƙone raƙumin. Ya zauna a bakin gado. Muka yi wasan, babu wanda ya yi dariya.

"Ƙarya babu," ya ce. "Amma ke kin san abin da ake ce mana a gari. Kin manta Jazira? A gonar da aka haife ni aka ce mini in koma inda na fito. Yau a mota in yaro ya yi Hausa sai an waigo. Mun yi shiru, mun zauna lafiya. Yanzu da bakinmu za mu shiga kowane gida a ƙasar nan mu ce mu masu tafiya ne? Gobe za a ce wa yaran nan, to ku tafi mana, wa ya riƙe ku?"

Ban taɓa jin Baba ya yi magana irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. A makaranta dukkanmu Larabci muke yi, Hausa a bakin ƙofar gida muke ajiye ta kamar takalmi. A lokacin na gane rigimar ba a kan gemun auduga take ba. Ko dai mu ci gaba da laɓewa kamar baƙi, ko mu fito a gan mu, mu ɗauki duk abin da zai biyo baya.

Gwaggo ta ajiye tiren gyaɗa. "Auta, ni na je inda kuke cewa za ku. Na yi ɗawafi, na sha zamzam, na roƙa wa mahaifinmu gafara. Da na gama ka san abin da na yi kewa? Kukan jakin maƙwabta. Yaran nan a nan aka binne cibiyarsu. Kai ka ce musu baƙi, wani ma ya ce musu baƙi, to ina ne nasu? A bar su a gan su. Mai dariya ya yi, ai dama wasan dariya ne."

"Ki yi yadda kika ga dama, Yaya." Ya saka takalminsa ya fita. Daga ranar ya daina taka gidanta, mutumin da kowace safiya sai ya je gaishe ta kafin ya karya. Abin ya ci ta, na sani, don na ga ta zuba shayi kofi biyu ta mayar da ɗaya cikin buta. Amma ba ta janye ba.

Ranar da aka sa mana, ta yafa tob ɗinta, dogon mayafinta na zuwa biki, ta tasa mu gaba zuwa tasha. Yaron mota ya ce raƙumi ba zai shiga ba, ta ce ai ba ya cizo, aka shimfiɗe shi a kan cinyoyinmu kansa na leƙe ta taga. Haka muka tsallake kogi zuwa Omdurman, mutane a kan gada suna nuna mu. A ƙofar ɗakin ɗaukar hoto aka ce manya iyakarsu nan. Na zaci za ta tada balli. Sai ta ce daidai ne, ta nemi inuwa ta zauna.

Kafin mu shiga, ɗaya daga cikinmu ya hango fitilu da wayoyi, tsoro ya kama shi ya jiƙa wandonsa. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya zo gaisuwar rasuwarta da carbinsa da 'ya'yansa. Gwaggo ta gani kafin kowa. Ta miƙe da jarkar ruwan da ta riƙo mana, ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta sheƙa masa rabi ta sheƙa wa tob ɗinta rabi, ta kama zagin dutsen da babu shi. Mu duk mun yarda tuntuɓe ne, sai da muka girma ya gaya mana da bakinsa.

A ciki muka ga mai tabarau ido da ido, ashe ma na fi ta tsawo. Ta tambaye mu da wane yare za mu yi. Muka yi tsuru-tsuru, domin tun a mota mun yanke shawarar juya komai zuwa Larabci. Ta ce to a gida yaya kuke yi? Muka ce haɗawa muke, nan Hausa nan Larabci. Ta ce, "Halas, ku yi kamar a gida."

Komai ya tafi daidai har zuwa ƙarshe. Yadda muka tsara, tsoho zai ce wa raƙumi tashi, raƙumi ya ƙi, a rufe wasa. Na ɗaure ƙunshi, na buga sanda, na ce, "Tashi!" Abin da ya faru a cikin buhu Allah kaɗai Ya sani, su biyun har yau ba su daidaita ba. Igiya ta tsinke, ɗinki ya farke. Rabin raƙumi na gaba ya miƙe ya nufi gabas da saurinsa wuya na lilo, na baya ya yi zaman dirshan da wanki a kansa. Na dubi na gaba, na dubi na baya, kuma babu abin da ya zo bakina sai Hausa tsantsa: "To ni wanne zan bi?"

Mai ɗaukar hoto, babban mutum wanda ko kalma ɗaya bai ji ba, sai da ya saki na'urarsa ya riƙe ciki. Mu kuwa kuka muka fara, mun ɗauka mun ɓata komai, muna roƙon a sake. Mai tabarau ta ce ko kusa, haka za a nuna shi. Da muka fito muka gaya wa Gwaggo, ta rangaɗa guɗa a ƙofar gidan talabijin har mai gadi ya leƙo.

Juma'ar da aka nuna, tsakar gidan Gwaggo ba ta ɗauke mu ba. Mutane a kan katanga, yara a kan darbejiya. Dokar shiru ta karye ranar, mai dokar ce ma ta fara karya ta. Tsofaffin da muka ji tsoronsu su suka fi kowa dariya, wata tana dukan kafaɗar mijinta tana cewa, "Kai ne, wallahi kai ne!" Da raƙumi ya rabu, ihun da aka yi na tabbata an ji shi har unguwar Haj Yusuf. Na ji Hausa ta fito daga cikin akwatin nan da muryata, ta shiga gidajen mutanen da ba su taɓa yi mana sallama ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan la'asar ba, har da ranar aurena, maigidana ya yi haƙuri. Na waiga baya ko zan ga Baba. Ban gan shi ba.

Abin da ya ji tsoro ya zo, ba zan ce bai zo ba. A makaranta an sami masu tambayarmu yaushe tashi, har an yi dambe a bayan aji. Amma ba a jima ba, a layukan da ba mu taɓa shiga ba sai ka ga yara biyu cikin buhu, wani da auduga a haɓa, ɗan Larabawa ko ɗan kudancin ƙasar, yana ihu da karkatacciyar Hausa, to ni wanne zan bi. Malamar ajinmu ta fito da ni gaban allo in koya wa aji yadda ake faɗarsa daidai. Daga wannan shekarar na daina rage murya in zan yi wa ƙanena magana a mota.

Wata safiya na raka Baba kasuwa ina riƙe da kwando. Wani mahauci mai baƙar magana ya hango shi, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Ya Malam! Raƙuminku ya tashi kuwa?" Baba ya ci gaba da zaɓen tumatir, bai ko juya ba, ya ce, "Rabinsa." Kasuwa ta kwashe da dariya, mahaucin ya fi kowa, sai da ya biyo mu ya jefa mana ƙashin miya a kwando. A hanya na kasa haƙuri na ce, "Baba, ashe ka gani?"

"Gemunki ya karkace, Uwata."

Daga baya Inna ta gaya mini a gidan maƙwabta ya tsaya ta bayan katanga, ya kifa turmi ya hau. Juma'a ta gaba ya shigo gidan Gwaggo da sallama, ya wanke ƙafa a bakin randa kamar kowa, ya zauna a baya. Ta miƙa masa shayi, ya kurɓa ya yamutsa fuska. Sulhun ke nan.

Amma kada a ɗauka ya sauka daga kan maganarsa. Bai taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Mun girma, mun yi gini da jan bulo, mun kai shi Hajji ya je ya dawo, "idan mun tashi" ba ta bar bakinsa ba. In baƙo ya tambaye shi mutumin ina ne, sai ya ce matafiyi. Ya sha gaya mana burinsa ya koma Makka ya cika a can, ita kuma ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Auta, ka gaishe su." Haka suka tsufa suna wannan ja-in-ja a kan tabarma ɗaya. Shirin kuwa, mai tabarau ta girma ta tafi, wasu suka zo suka girma, wata Juma'a aka buɗe akwati babu kiɗan gwangwani. Gwaggo ta rufe ƙyauren, ta ɗora kaskon turare a kai.

Da yaƙi ya zo kowa ya tashi, wannan karon da gaske. Da ƙyar, ta doguwar hanya, muka kai su su biyu gidana a Alsawra, tana zage-zage har muka isa. Baba da ya ƙare rayuwarsa yana jiran tashi sai ya kama rama. Ba ya cin abinci, kullum yana tambayar ko an ji labarin layinmu, ko zauren yana nan. Gwaggo tana kallonsa ta gefen ido, ko tsokanarsa ba ta yi ba, abin da ba halinta ba ne. Da hanya ta buɗe ita ce ta fara ɗaure kaya. Muka ce babu ruwa babu wuta, an kwashe komai, akwatin ma babu. Ta ce, "Ƙasar ma an kwashe?" Ta koma, Baba ya bi ta. Ta sa aka share gida, aka sake saƙa mata gado, ta dasa lemun tsami a tsakar gida tana dogara sanda. Ba ta ga furensa ba.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Baba ya sa aka kira ni. Na durƙusa kusa da shi, don muryarsa ba ta nisa yanzu.

"Uwata, na ga inda aka sa Yaya. Akwai ɗan fili a gefenta. Ki gaya wa 'yan'uwanki, in tawa ta zo kada a wahalar da ni zuwa ko'ina. A sa ni nan."

Na ce, "Baba, tafiyar fa?"

Ya dube ni kamar ni ce na yi wauta. "Wace tafiya? Ni mutumin Kuku ne."

Shekara da shekaru tana jiran wannan magana daga bakinsa, ya bari sai da ta kwanta a ƙasa. Na fashe da dariya da kuka lokaci ɗaya, don na san da tana nan ko murmushi ba za ta yi ba, cewa za ta yi sai yanzu, Auta. Ita ta yi nasara dai, kuma a kan bakanta ta tafi. Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya kuma tsare wa ƙanenta ɗan filin nan na gefenta.